Fiton Mai Fanka

Ɗakin da Mai Fanka yake ɗaukar bidiyo a ciki, da can sito ne. Bango ɗaya kawai ya yi wa fenti, wanda kyamara take gani. A jikinsa ya kafa ƙusoshi, ya rataye filaya da sukudireba da naɗin waya, kowanne a inda zai fito da kyau. Sauran bangon suna nan da tabon ruwan damina. Taga kuwa ya toshe ta da tsohon bargo saboda ƙarar titi. Akwai fanka a sama, lafiyarta ƙalau, shi ya gyara ta da hannunsa, amma ba ya kunna ta in yana ɗauka, domin makirufo yana kwasar iskarta. Don haka mutumin da dubban jama'a suke koyon gyaran fanka a wurinsa cikin gumi yake koyarwa, da tawul a kan cinya, inda ba a gani.

Da yana da shago a bakin kasuwa, wanda ya gada daga mahaifinsa. Bidiyon ya fara shi ne a matsayin talla. Da kuɗin tallace-tallacen da ake sakawa a tasharsa suka fara wuce cinikin shago, sai ya mayar wa mai gini da makullinsa, ya kwaso kayan aiki ya dawo gida. Tun daga ranar, cefanen gidansa ya koma hannun wani kamfani da bai taɓa ganin ƙofarsa ba.

Ya yi ta nazarin kamfanin kamar yadda yake nazarin fankar da ba a san ciwonta ba, bai kuma gano inda wayoyinsa suka haɗu ba. Bidiyon da ya fi shan wahala a kansa, na yadda ake sake naɗa koyil daga farko har ƙarshe, kusan ba wanda ya kalla. Wanda aka fi kallo shi ne na ranar da wata fanka ta yi tartsatsi ya faɗo daga kan kujera. A ƙarƙashin kowane bidiyo akwai mai tambayar abin da ya gama bayani yanzu-yanzu, akwai mai son sanin inda ya sayi rigarsa, akwai kuma wani bawan Allah da ba ya fashi, kullum tambayarsa ɗaya: firji fa?

Abu ɗaya ne ya tabbatar yana aiki. Kowane bidiyo nasa da fito yake farawa: hannunsa yana kwance murfin fanka, shi kuma yana fito, sauti yana hawa a hankali, ya tsaya, ya sauko. Fiton mahaifinsa ne. Haka marigayin yake yi a bakin aiki, shi ma ya taso da shi a baki ba tare da an koya masa ba. Sau ɗaya ya ɗauka tun farkon tashar, yake manna shi a gaban duk abin da zai ɗora. Masu kallo sun ce da sun ji shi daga wayar wani a cikin mota, sun san ko wane ne.

Wata safiya ya buɗe shafinsa ya tarar da jar alama a gefen kowane bidiyo, daga na jiya har na farko. Saƙon gajere ne. Na'urar kamfanin ta gano waƙar wani a farkon bidiyoyinsa. Ba za a sauke su ba, za su ci gaba da yawo, amma daga yau kuɗin tallarsu na mai waƙar ne. A ƙasa an rubuta sunan mawaƙin, wasu haruffa da lamba a jikinsu kamar lambar mota.

Mai Fanka bai taɓa sa waƙar kowa ba. Ya sa abin ji a kunne, ya ƙure ƙara, ya saurari farkon bidiyon sau da yawa. Fitonsa ya ji, da ƙarar sukudireba da ta faɗi a ƙasa ranar ɗaukar, sai wani ɗan gunji can nesa. A kan gunjin nan ya yanke hukunci. Bayan bangon da ya yi wa fenti shagon aski ne, mai askin kuwa ba ya iya riƙe almakashi sai da kiɗa.

Ya zagaya da wayar a hannu.

"Maƙwabci, ka ga abin da lasifikarka ta jawo mini?"

Mai aski ya tsaya da aikin, ya karanta saƙon, ya duba ranar da aka ɗora bidiyon farko.

"Injiniya, a wannan shekarar ai ban kama shagon nan ba. Mai sayar da katifa ne a ciki."

"To katifa ce take waƙa?"

"Ka tambayi katifar. Ni dai in ka ga dama ka zauna in rage maka wannan ƙeyar, masu kallo suna gani."

Matarsa malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Da ta dawo da rana ta same shi a sito ya manna kunne a bango.

"Lafiya, Injiniya? Bangon ma gyara shi za a yi?"

Ya ba ta labari, da lissafin waɗanda yake zargi: mai katifa, motar talla da takan wuce, wayar wani yaro a titi. Ta ajiye jaka, ta karɓi wayar.

"Ita waƙar da suka ce ka sata, ka saurare ta?"

"Me zan saurara? Na san ban sa ba."

"Wato tun safe kana neman ɓarawo, ba ka ko duba abin da aka ce an sata ba."

Ta danna sunan. Waƙar ta buɗe da fito. Sautin ya hau a hankali, ya tsaya, ya sauko. Kafin ganga ta shigo, sai ga ƙarar sukudireba ta faɗi a ƙasa, an ma maimaita ta an mayar da ita kiɗa. Mai Fanka ya zauna a kan kujerar ɗauka. Sannan murya ta shigo, siririya, injin situdiyo ya goge ta har ta yi santsi. Malama ta karkata kai, ta saurara, ta fashe da dariya.

"Wallahi Auta ne! Ka ji yadda yake jan numfashi kamar wanda ya sha gudu. Mijina ƙarami ya zama lambar mota."

Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru yana waƙa ba mai saurare sai abokansa, kuma yakan canja suna kamar riga. Mai Fanka ya duba ƙasan waƙar. Yawan waɗanda suka saurare ta ya ninka na bidiyon ranar da ya faɗo daga kujera.

Mai Fanka ya nufi situdiyon da Auta yake waƙa. Ɗaki ne a saman wani shagon kayan gini, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. Nan ma fanka a kashe take. Auta ya miƙe da murna, sai ya ga fuskar yayansa ya koma ya zauna.

"Yaya, dama ina shirin zuwa in ba ka mamaki."

"Ka ba ni. Na karɓa da safe."

Ya miƙa masa wayar. Auta ya yi ta jan shafin ƙasa, jajayen alamu suna wucewa ba ƙarshe.

"Innalillahi. Wallahi ban san haka za ta yi ba. Furodusa ne ya ce waƙar tana son abin buɗewa, wanda ba kowa ke da shi ba. Na tuna da fiton Baba. Na gwada da bakina, ka san ni ban iya ba, iska kawai take fita. Sai muka ciro naka."

"Har da sukudirebata."

"Ita ce ma mutane suka fi so." Sai ya ɗago. "Amma tsakani da Allah, Yaya, fiton ai na Babanmu ne. Ba kai kaɗai ya haifa ba."

"Ban ce ni kaɗai ya haifa ba. Cewa na yi bakina ne. Kira su ka ce su sake ni."

Sai a nan ya gane cewa Auta ma ba shi da wanda zai kira. Ashe Auta ya ba wa wani kamfanin rarraba waƙoƙi waƙar, su suka yi mata rajista, su suka sa na'ura ta bi duniya tana farautar duk inda aka ji ta. Ofishinsu yana wata ƙasa. Auta ya rubuta musu a gaban yayansa, amsa ta dawo kafin ya ajiye wayar: an gode da tuntuɓa, saƙonsa yana da muhimmanci.

Furodusan, wanda tun shigowar baƙo yake yi kamar yana gyaran waya, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, akwai maɓallin ƙorafi a shafinka. In ka danna za ka ci, domin bidiyonka ya girmi waƙar nesa ba kusa ba. Sai dai in ka ci, za su sauke waƙar daga ko'ina, su kuma soke yarjejeniyarsa. Ba sa yafe irin wannan."

Auta ya kawar da kai. Yana ta murza zoben hannunsa.

A gida Mai Fanka ya buɗe shafin ya dubi maɓallin. Shuɗi ne, ƙarami, bai kai kan ƙusa ba. Malama ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Za ka danna?"

"Ina dubawa."

"In ka danna, kai za ka yi wa Inna bayani, ba ni ba. In ba ka danna ba kuma, kai za ka yi wa mai kanti bayani. Ni dai zan riƙe maka tawul."

Bai danna ba. Ya bi ɗaya hanyar: yanke fiton daga kowane bidiyo, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na kwanaki. Ka yanke, ka jira na'ura ta sake dubawa, jar alama ta ɓace, data ta ƙare, ka sake saye. Kuɗin ya fara dawowa, amma ba kamar da ba. Shafin yana nuna masa wani layi na yadda mutane suke zama a kan bidiyo, kuma yanzu layin yana faɗowa tun daga farko kamar an tura shi daga kan soro. A ƙasa tambaya ɗaya ake ta yi: ina fito? Wani ya ce wannan tashar jabu ce, zai kai ƙara. Na firji ya tambayi firji.

Ya sake ɗaukar fiton sabo, da bakinsa na yau. Na'ura ta kama shi nan take, domin ta riga ta haddace hawa da saukarsa. Ya gwada ƙirƙiro wani daban. In ya fara, bakin yakan bi shi kaɗan, sai ya zame ya koma tsohuwar hanyarsa. Malama ta ce sabon ya yi kama da butar shayi mai mura.

A cikin wannan gwaji ne tambayar ta zo masa, kuma ya yi mamakin yadda bai taɓa yin ta ba. Shi Baba a ina ya samo? In tsohuwar waƙa ce ta kowa da kowa, to ba wanda ya isa ya yi mata rajista, wataƙila kuma a sake shi ba tare da an sauke ta Auta ba. Ya tambayi tsofaffin abokan Baba biyu. Ɗaya ya ce daga rediyo ne. Ɗaya ya ce bai taɓa jin marigayin yana fito ba, sai daga baya aka gane kunnen tsohon ne ba ya ji. Ya rage mutum ɗaya.

Ya kira Auta, suka tafi wurin Inna da hantsi.

Suka same ta a falo tana tsince zare daga wata tsohuwar riga. A kusurwa fankar tsaye ce ta ƙarfe, mai maɓallai kamar haƙora, wadda ta girmi su duka biyu. Bayan gaisuwa Mai Fanka ya yi bayani a tsanake, ya kauce wa maganar kuɗi. Auta ya kunna mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe da zaren a baki.

"Wannan ihun kai ne, Auta?"

"Ni ne, Inna."

"To, Allah ya sa a biya ka. Shi kuma na farkon fa, me kuke son sani?"

"Waƙar wa ce, Inna? A ina Baba ya ji ta?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ce muku waƙa ce? Babanku ya iya waƙa ne? Mutumin da ko tafi in ya yi sai ya saɓa da na kowa?"

Ta miƙa ƙafa, ta danna maɓallin farko da babban yatsa. Fankar ta yi jinkiri, ta fara juyawa, ta tsaya a kan wani gunji mai kauri. Ta danna na biyu, gunjin ya hau. Ta danna na uku, ya ƙara hawa. Ta dawo na biyu, ta dawo na ɗaya.

Auta ya buɗe baki.

"Wannan ita ce ta farko da ya saya sabuwa a kwali," in ji Inna. "Ya ce in ya riƙe muryarta tana lafiya, ba fankar da za ta yi masa ƙarya. In ya gama gyara, sai ya yi fito tukuna, sannan ya danna. In ta kamo bakinsa, ta warke. In ta gaza, ya sake kwancewa. Na sha jin abin nan har na tsane shi. Ku kuna yara, kun ɗauka nishaɗi yake yi."

Mai Fanka ya durƙusa a gaban fankar. Shekarunsa nawa yana wannan sana'a da mita da gwajin yatsa, yana fito a kan aikin, bai taɓa haɗa biyun ba. Ya yi sautin farko, ya danna. Suka haɗu, har ba a bambance su. Ya yi na biyu, suka haɗu. Ya yi na uku, ya danna. Fankar ta taso, ta matso, ta tsaya kaɗan a ƙasa da shi. Tsakanin sautin biyu wata rawar iska ta fito, kamar ƙudan zuma biyu a kwalba.

Ya sake gwadawa. Haka dai.

"Inna, tun yaushe aka sa mata mai?"

"Ka tambayi ɗana mai gyaran fanka. An ce yana cikin waya."

Auta ya yi dariya, yayansa ya harare shi, ya haɗiye.

"Tashi ka yi amfani. Kawo kofunan can, ka jingina wayata a kansu. A kwance, ba a tsaye ba. Kada ka yi magana, kada ka yi numfashin nan naka."

Babu bango mai fenti, babu fitila, labulen Inna mai furanni ne a baya. Ya cire murfi, ya zare farfela, ya nuna wa kyamara boris ɗin da farfelar take juyawa a kai, wanda ya bushe. Ya wanke, ya ɗiga mai, ya mayar. Ya yi bayanin gwajin da baki, ya ce na mahaifinsa ne, ya ce kowa ya riƙe muryar fankarsa tun tana sabuwa. Da ya zo wurin da zai yi fito, ya tattara leɓe, sai ya tuna, ya sake su. Ya matso da makirufo kusa da injin, ya danna ɗaya, biyu, uku, biyu, ɗaya. A na uku ta kai inda ya kamata. Shi ya sani, ko da bai yi sautin ba.

A nan falon ya tace bidiyon. Ya ɗauki muryar fankar ya sa ta a gaba, inda fito yake zama da, ya ɗora. Shafin ya ce ana dubawa, wani ɗan zobe ya fara juyawa. In na'urar ta ji waƙar Auta a bakin fanka, to ba abin da ya rage masa sai shuɗin maɓallin. Bai faɗa ba, amma Auta ya sani, domin ya bar kofunan ya zo ya tsaya a bayansa. Inna ta koma kan zarenta.

"Ita na'urar tana da kunne ne?" ta tambaya.

"Tana da shi, Inna."

"To ta fi abokin babanku."

Zoben ya tsaya. Alamar ta fito koriya.

Mai Fanka ya ajiye wayar a kan cinya, ya goge wuya da hannu. Kafin su gama shan ruwan da Inna ta sa Auta ya kawo, tsokaci sun fara shigowa. Na farko ya ce fito ya dawo, amma yau kamar Injiniya yana mura. Wata ta ce ta gwada tata fankar, a na biyu take karkarwa, me za ta yi? Layin zama bai faɗo ba, ya miƙe ya wuce farkon. Can ƙasa, bawan Allah ya iso, ya yi sallama, ya tambayi firji.

Da Mai Fanka ya ɗago, sai ya ga Auta a tsugune kusa da fankar, ya zaro wayarsa a hankali yana kai ta kusa da injin.

"Me kake yi?"

"Ba komai, Yaya. Akwai wani kauri a lamba ɗaya ɗin nan, in aka ɗora masa ganga…"

Inna ta miƙa ƙafa ta kashe fankar.